Kakata ta Wusasa

Ranar da abokan aikina suka zo yi mini ta'aziyyar kakata, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanmu da ke Tudun Wadan Zariya, aka gaisa, aka yi jimami. Dattijon cikinsu ya ɗaga hannuwa zai ja addu'a kamar yadda aka saba, sai na kusa da shi ya raɗa masa wata magana a kunne. Hannuwan suka yi jim a sama, sannan suka sauko a hankali. Ya gyara murya ya ce, "To, Allah Ya ba ku haƙurin rashi." Muka ce amin. Ban ga laifinsa ba, domin ni kaina tun daren da ta cika nake juya wannan lamari a zuciyata. Da aka tashi tafiya, wani matashi a cikinsu ya ja ni gefe ya ce, "Yallaɓai, wai da gaske kakarka Kirista ce? To wace ƙabila ce?" Na ce masa Bahaushiya ce. Ya ce, "A'a, asalinta nake nufi." Na ce asalin ke nan. Ya tafi yana kaɗa kai, da alama bai gamsu ba.

Tambayar wannan matashi ce ta sa na ɗauki alƙalami. Mai karatu zai gafarce ni da ba zan ambaci sunanta ba, don ban taɓa jin wani a zuriyarmu ya kama sunan nan da bakinsa ba. Mu jikoki muna ce mata Kaka ta Wusasa, don mu bambanta ta da mahaifiyar babanmu, wadda muke kira Hajiya. Ta rasu tana da shekara 95. Idan aka tambaye ta shekarunta takan ce, "Ni da majami'ar ƙasa sa'o'in juna ne," wato tsohuwar majami'ar Saint Bartholomew da magina Hausawa suka gina da tubali da azara a Wusasa a 1929, shekarar da mishan ta tashi daga cikin birnin Zariya ta koma can gindin duwatsu, kusa da Kufena.

Wanda bai san tarihin wurin ba, ga shi a taƙaice. A 1900 wani ayarin 'yan mishan na cocin Ingila ya iso Kano, Sarki Alu ya sallame su. A cikinsu akwai wani likita, Walter Miller, wanda Zazzagawa suka sani da Likita Mila. A 1905 ya zauna a cikin birnin Zariya, zamanin Sarki Aliyu Ɗansidi, ya buɗe ɗakin shan magani da makaranta. Tun kafin zuwansa kuwa akwai wasu mutane da ake kira Isawa, almajiran wani Malam Ibrahim da ya shahara da yawan zancen Annabi Isa (AS), wanda aka kashe a Kano zamanin Sarki Abdullahi Maje Ƙarofi, mabiyansa suka watse zuwa yankin Ningi da kewaye. Wajen 1913 wasu daga cikin zuriyarsu suka haɗu da Likita Mila, suka karɓi addinin Kirista, aka kafa musu ƙauye a Gimi. Ba a daɗe ba ciwon barci ya afka wa ƙauyen ya yi masa mummunar ɓarna, waɗanda suka yi saura suka taso. Mahaifin kakata yana cikin yaran da suka tsira daga Gimi, ya tashi a makarantar mishan, ya zama kafinta.

Ɗan ƙaramin garin nan na Wusasa ya yi wa Arewa abin da manyan birane ba su yi ba a lokacin. Daga wannan al'umma Dokta R.A.B. Dikko ya fito, likitan zamani na farko daga Arewa, kuma jagoran farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa. A nan Farfesa Ishaya Audu ya yi karatun farko, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. A nan Janar Yakubu Gowon ya tashi. Duk wanda ya karanta Jiki Magayi a makaranta, ya karanta aikin John Tafida, ɗan wannan al'umma, wanda suka rubuta tare da Rupert East. Kakata ba ta cikin waɗannan mashahurai, amma ruwa ɗaya suka sha. Hausarta kuwa, mu da muka yi boko muna jin kunyar buɗe baki a gabanta. In ka ce "amma dai" sau biyu a zance ɗaya sai ta ce kana tauna magana kamar akuya. Ba ta jin wani harshe sai Hausa da ɗan Turancin asibiti, kuma ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba har ta koma ga Mahaliccinta.

Ta yi karatu gwargwadon abin da ake bai wa 'ya'ya mata a zamaninta, ta iya karatu da rubutu da lissafi da ɗinki. Daga nan ta shiga aikin taimakon masu jinya a asibitin mishan, inda ta koyi karɓar haihuwa. Bayan ta bar aiki ta zama ungozomar unguwa, kuma babu daren da za a buga mata ƙofa ta tambayi addinin mai naƙuda kafin ta ɗauki fitila. Ta auri kakana, ma'aikacin jirgin ƙasa, suka haifi 'ya'ya bakwai. Tana lissafin rayuwarta da abubuwan da ta gani: dawowar sojojin yaƙin Bama, zuwan Sarauniyar Ingila Kaduna a 1956, samun mulkin kai a 1960, yaƙin basasa, komawar motoci hannun dama a 1972, da canjin kuɗi daga fam da sule zuwa naira a 1973. Da aka yi wahalar takardun kuɗi a farkon 2023, ta yi dariya ta ce wannan ne karo na ba-adadi da gwamnati ta mayar da abin da ke ƙullin zaninta takardar tsire.

Ibada kuwa ita ce ginshiƙin yininta. Ƙarfe huɗu da rabi na asuba take tashi, ta wanke fuska, ta ɗaura ɗankwali, ta durƙusa a gaban gado. Tana da Littafi Mai Tsarki fassarar 1932, wadda Likita Mila ya jagoranci aikinta, baƙin bango, naɗe cikin ƙyallen atamfa. Da sabuwar fassara ta fito wajen 1980 'ya'yanta suka saya mata, ta karɓa ta gode, ta ajiye a ƙasan adaka, ta ce tsohuwar ta riga ta san hanyar bakinta. Zabura ta fi so, ta haddace da yawa daga ciki, abin da ya yi mata rana da yanar ido ta rufe mata gani a ƙarshen rayuwa. Bayan karatu sai ta shiga jero sunaye. Ɗaya bayan ɗaya take ambaton 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne, kowa da buƙatarsa: mai jarrabawa, mai ciki, mai neman aiki, mai rigima da miji. Ba ta fashin sujadar Lahadi ko taron Zumuntar Mata, tana azumin kwana arba'in kafin Ista, kuma duk abin da ya shigo hannunta sai ta ware ushirinsa kafin ta taɓa saura.

Mai karatu zai ce, to yaya aka yi jikanta ya zama Musulmi? A tsakiyar shekarun 1970 mahaifiyata, 'yarta ta uku, tana koyarwa a wata makarantar firamare, ta haɗu da mahaifina, ta musulunta, suka yi aure. Kada wani ya ɗauka abin ya zo da sauƙi. Kakana ya rantse ba za ta sake taka masa gida ba. Kakata ta yi kuka har ta kwanta ciwo, ta shekara guda ba ta aika ba, ba ta karɓi aike ba. Sai ga cikin fari ya tsufa. A al'adarmu mace takan koma gidan iyayenta ta haihu, ta yi wankan jego, ga shi kuwa ƙofar gida a rufe. Ranar da labari ya kai Wusasa cewa an sauka lafiya, kakata ta haɗa kanwa da yaji da sabulu da zannuwa a cikin fanteka, ta durƙusa gaban mijinta ta ce, "Malam, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. In ba za ta zo ba, ni ka bar ni in je." Bai ce je ki ba, bai kuma ce kada ki je ba. Ta ɗora kaya a ka ta kama hanya. Kwana arba'in ta yi a Tudun Wada tana dafa ruwan wanka da ganyen darbejiya, tana dama kunun kanwa. Jaririn da aka yi wa wannan hidima shi ne mai wannan rubutu. Kakana bai sauko ba sai da aka kai masa ni ina tatata, na kama gemunsa.

Tun daga nan duk hutun makaranta a Wusasa muke yin rabinsa. Ina ɗan shekara bakwai ta je kasuwa ta sayo buta da dadduma, ta rataye a ɗakinta, ta ce na jikokinta na cikin gari ne. Da yake ta riga kowa tashi, ita ce ladaninmu. Da ta gama addu'arta sai ta taɓa ƙafata ta ce, "Ango, tashi, an yi assalatu. Ba za a ce ka zo gidana ka koyi lalaci ba." Ango take ce mini, irin wasan kaka da jika, ni kuma in ce mata amarya ta tsufa zan sake sabuwa, ta ce wace mai tsautsayin ce za ta auri mijin da bai taɓa ba da kuɗin cefane ba. Ran jajiberin Kirsimeti ba a yanka ko kaza a gidanta sai an kira wani maƙwabci Musulmi ya yanka, don jikoki da maƙwabta su ci hankali kwance. Da azumin Ramadan takan aiko wa mahaifiyata gero da tsamiya, da Babbar Sallah kuma cinyar ragon layya ta babanmu Wusasa take tafiya.

Sai dai kada a fahimce ni a karkace. Kakata ba ta taɓa cewa addinan nan biyu abu ɗaya ne ba, mu ma ba mu ce ba. Har ta mutu tana roƙon 'yarta ta komo, kuma ta faɗa mata haka baki da baki. Mahaifiyata ma ba ta yi sujadar da ba ta roƙa wa uwarta shiriya ba, ita ma ta faɗa mata. Shekarar da na shiga jami'a, jinin ƙuruciya na tafasa, na ɗauki littattafai na tafi Wusasa da niyyar ba zan dawo ba sai da kalmar shahada a bakinta. Na yi ta zuba hujjoji tun bayan azahar, tana tsince shinkafa a faifai tana saurare, ba ta katse ni ko sau ɗaya ba. Da na yi shiru ta ce, "Ango, ka gama? Na ji, kuma na san ƙauna ce ta sa ka faɗa. Ni ma ƙauna ce take sa in kai sunanka gaban Ubangiji kowace asuba. Kai ka riƙe naka da gaskiya, kada ka yi wasa da shi. Yanzu tashi ka yi la'asar, rana tana faɗuwa." Na tashi na ɗauki butar da ta saya mini. Na sake gwadawa bayan wasu shekaru, da lafazi mai taushi, amsar ba ta canza ba, fuskar da take tarbata da ita ma ba ta canza ba.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo a watan Maris na 1987, lokacin da rikicin da ya faro a Kafanchan ya watsu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa, aka ƙona majami'u masu yawa. Ina ɗan shekara goma. Na tuna hayaƙi, na tuna mahaifiyata tana safa da marwa a tsakar gida ba mayafi. Mahaifina ya ari motar wani abokinsa ya nufi Wusasa. Ya durƙusa daga bakin ƙofa, kamar yadda suruki yake yi, ya ce, "Inna, ki taso mu tafi." Ta ce, "Malam, in tafi in bar wa wa tsofaffin da ba su da suruki a cikin gari?" Haka ya dawo da ita da wasu tsofaffin mata biyu. A ɗakin Hajiya aka sauke su, suka kwana tara. Da wasu suka fara gunaguni a unguwa, Hajiya ta aika a faɗa musu cewa baƙinta ne, mai nemansu ya fara da ita. Abin da ba zan manta ba shi ne asubahin waɗannan kwanaki: Hajiya a kan buzu tana jan carbi, kakata a gefen gado da tabarau tana motsa leɓe a kan littafinta, fitilar ƙwai ɗaya a tsakaninsu. In sun idar sai su raba goro.

Da ƙura ta lafa ta koma, ta ga abin da wuta ta yi wa wuraren ibadar da ta sani, ta yi kuka mai yawa. Amma da ta ji kawunnaina suna cewa Musulmi sun ƙone mu, sai ta tsawata musu ta ce, "Ku iya bakinku. Wanda ya zo ya ɗauke ni fa, mene ne shi?" Bayan shekara biyar, a 1992, aka yi kashe-kashen Zangon Kataf, wata maƙwabciyarmu a Tudun Wada ta rasa 'yan'uwa a can. Kakata ta yafa mayafi ta zo gaisuwa, ta zauna a cikin mata tun safe har yamma. Da za ta tafi ta ce wa mahaifiyata, "Yau kunya ta hana ni ɗaga kai, kamar yadda na san ta hana ku a wancan karo." Ta ga rikicin Kaduna na 2000, ta ga na bayan zaɓen 2011. Abin da ya fi ci mata rai a ƙarshe shi ne yadda ta ga mutane suna sayar da gidajen gado suna ƙaura, kowa yana neman unguwar da babu kowa sai irinsa, har kogin Kaduna ya zama kamar iyakar ƙasa biyu. Takan ce yaron da bai taɓa cin tuwo a gidan wanda ba addininsu ɗaya ba, duk abin da aka faɗa masa a kansu zai yarda.

Tana da hangen nesa irin na tsofaffi. Ta san malamanmu sun karantar da mu cewa babu gado tsakanin waɗanda addininsu ya bambanta, ta kuma san yadda rabon gado yake tarwatsa gidajen da ma addininsu ɗaya ne. Saboda haka shekara goma kafin rasuwarta ta tara 'ya'yanta a gaban mai unguwa da dattawan ikilisiya, ta raba gonarta da tasoshinta da zannuwanta da 'yan awarwaronta, kowa ta damƙa masa nasa a hannu. Ta ce, "Abin da na bayar da raina, ba alƙalin da zai karɓe, ba faston da zai hana." Ta bar wa kanta gado da adaka da littafinta. Ta kuma yi wasiyya cewa in ta mutu kada a ajiye ta a ƙanƙara kamar kifi ana jiran na nesa, a yi mata sutura da wuri yadda Hausawa suke yi.

Haka aka yi. Ta yi jinyar mako biyu, 'ya'yanta mata suna karɓa-karɓa, mahaifiyata ce a kanta daren da ta cika. Washegari da yamma aka yi jana'iza. Majami'a ta cika da mata masu anko na Zumuntar Mata, waje kuma ya cika da manyan riguna da hijabai, cikinsu har da dattawan da ita ta yanke musu cibiya. Wasu daga cikinmu sun tsaya a inuwar bishiyoyi har aka fito, wasu sun raka zuwa makabarta, wasu sun zauna a gida suna karɓar gaisuwa. Kowa ya tsaya inda iliminsa da zuciyarsa suka tsayar da shi, ba wanda ya harari wani. Ban zo wannan shafi don in ba da fatawa ba, wannan fagen malamai ne, kuma na tsaya inda suka tsayar da ni game da addu'ar da ake yi wa mamaci. Ba zan ɓoye ba, tsayuwar tana da nauyi a kan wanda aka yi wa wankan jego da hannun da ake binnewa. Hukuncin bayi yana hannun Wanda Ya halicce su. Abin da na sani daga karatuna shi ne, lokacin da mahaifiyar Asma'u 'yar Abubakar (RA) ta zo Madina wurin 'yarta alhali ba ta musulunta ba, Manzon Allah (SAW) ya umarci Asma'u da ta sada zumunci da ita. Wannan ƙofa a buɗe take, kuma ba mutuwar kaka ce za ta rufe ta ba, domin ta bar kawunnai da innoni da 'ya'yansu.

Bayan kwana bakwai aka kwance ƙyallen atamfar nan. A fararen shafukan farko da na ƙarshen littafin, da rubutunta mai kama da tafiyar tururuwa, ga sunayen zuriyarta duka da ranakun haihuwarsu: 'ya'ya 7, jikoki 34, tattaɓa-kunne har inda idonta ya daina gani, daga nan wani hannu ya ci gaba da rubuta mata. Jeri ɗaya ne, bisa tsarin haihuwa. Mai sunan Manzo yana bin mai sunan almajirin Almasihu, ba layi a tsakani, ba alama a gefe. 'Yar kawuna da littafin ya koma hannunta ta ɗauki hoton shafukan ta tura mana ta WhatsApp. Na zauna ina karantawa, sai na tarar akwai sunaye fiye da goma na tsarar 'ya'yana da ban san fuskokinsu ba, 'ya'yana ma ba su san su ba. Nan jikina ya yi sanyi. Ashe shekaru da yawa mun bar wa tsohuwa ɗaya aikin da ya kamata mutum hamsin su yi. Ita ce mai kiran waya, ita ce mai aiken gero, ita ce mai cewa wance ta haihu ku je barka. Maɗaurin tsintsiya ya tsinke, saura mu ga ko tsirakun za su tsaya tare.

Na san ba gidanmu kaɗai ba ne. Daga Zariya zuwa Malumfashi, daga ƙauyukan Kano zuwa Maraɗi, akwai dubban gidajen Hausawa da suke da irin wannan kaka, ko goggo, ko kawu, wasu ana alfahari da su, wasu ana ɓoye su kamar abin kunya. Tsarar da ta san yadda ake riƙe addini da ƙarfi a kuma riƙe ɗan'uwa da ƙarfi tana ƙarewa, ana barin mu da tsarar da ta san juna ta wayar hannu kawai, inda zagi ya fi gaisuwa saurin tafiya. Wanda yake da irin wannan tsohuwa a raye, ya tashi ya je ya gaishe ta tun tana gane muryarsa, ya tafi da 'ya'yansa. Zumunci a ƙafa yake.

Butar nan da daddumar suna gidana yanzu, su ne rabona. Na yi wa kawuna alkawarin cewa hutun ƙarshen shekara zan kawo yara Wusasa, shi kuma ya ce zai nemi wanda zai yanka kazar. Matashin da ya tambaye ni ƙabilar kakata, in yana karanta wannan, akwai wuri a motar.

Allah Ya ba mu haƙurin rashinta, Ya ba mu ikon riƙe zumuncin da ta bar mana, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.